Kamfanin motoci na Volkswagen

Volkswagen, wanda ake taƙaita sunansa da VW, kamfanin ƙera motoci ne na ƙasar Jamus da ke da hedikwata a garin Wolfsburg na jihar Lower Saxony. An kafa shi ranar 28 ga Mayu, 1937, zamanin mulkin 'yan Nazi, kuma ma'anar sunan da Jamusanci ita ce "motar jama'a". A yau babu kamfanin motoci da ya kai shi girma a Turai, a duniya kuwa shi da Toyota ne ke gaba. Audi da Porsche da Škoda da SEAT da Bentley da Lamborghini duk suna ƙarƙashinsa, haka ma kamfanonin manyan motoci na MAN da Scania. An san shi da mota mai juriya wadda mai matsakaicin hali zai iya saya, bakanike na bakin titi kuma ya iya gyarawa. Sau biyu wannan suna yana cin karo da abin da ya isa ya rusa shi: asalin kamfanin a hannun Hitler, da kuma maguɗin hayaƙin dizal da aka bankaɗo a 2015.

Asali

A farkon shekarun 1930 mota a Jamus kayan masu kuɗi ce. Adolf Hitler ya ga riba ta siyasa a nan, sai ya nemi a ƙera motar da za ta ɗauki manya biyu da yara uku, ta yi gudun kilomita 100 a awa, kuma kuɗinta kada ya kai mak 1,000 (mak shi ne kuɗin Jamus na lokacin). A 1934 aka ba injiniya Ferdinand Porsche aikin zana ta. Abin da ya fito da shi mota ce mai gantsararren baya, injinta a baya, iska ke sanyaya shi ba ruwa ba. Ba Porsche kaɗai ke da wannan tunani a lokacin ba. Kamfanin Tatra na Czechoslovakia ya yi ƙorafin an kwaikwayi zanensa, kuma bayan yaƙi Volkswagen ya biya shi diyya.

Kamfanonin motoci masu zaman kansu sun ga farashin ba mai yiwuwa ba ne, suka ja da baya, don haka ƙungiyar ƙwadago ta jam'iyyar Nazi ta karɓi aikin. Ranar 26 ga Mayu, 1938 Hitler ya aza harsashin masana'antar kusa da Fallersleben, aka kuma soma gina sabon gari domin ma'aikata, wanda sai a 1945 aka raɗa masa suna Wolfsburg. An sa wa motar farashin mak 990, aka buɗe wani tsarin asusu inda ma'aikaci zai riƙa zuba mak biyar duk mako. Mutane sama da 300,000 suka shiga. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya karɓi mota, domin yaƙi ya ɓarke a 1939. Sai a 1961, bayan doguwar shari'a, aka sasanta da su a kan rangwamen farashi ko ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Lokacin yaƙin masana'antar ta koma ƙera kayan soja: motar fagen daga mai suna Kübelwagen, da Schwimmwagen mai iya shiga ruwa, da sassan bam ɗin V-1. Kimanin mutum 20,000 aka tilasta wa yin aiki a wurin, cikinsu har da fursunonin yaƙi da waɗanda aka kwaso daga sansanonin gwale-gwale. Kamfanin ya daɗe bai ce uffan ba a kan wannan. Daga baya ya buɗe wa masanin tarihi Hans Mommsen ma'ajiyar takardunsa, sakamakon binciken ya fito a 1996, sannan a 1998 aka kafa asusun biyan waɗanda suka rage da rai. An makara, amma a lokacin kamfanonin Jamus da dama ko hakan ba su yi ba.

Yadda Turawan Ingila suka tashe shi

Yaƙi ya ƙare masana'antar na cikin yankin da sojojin Birtaniya ke iko da shi, bama-bamai sun lalata babban ɓangarenta. Aka turo wani matashin hafsa, Manjo Ivan Hirst, a watan Agustan 1945 ya kula da ita. Hirst ya lura sojojinsu na fama da ƙarancin ababen hawa, ya sa aka gyara mota ɗaya aka nuna wa shugabanninsa, suka ba da odar guda 20,000. Wannan oda ce ta hana a kwance injinan a tafi da su a matsayin diyyar yaƙi. Masu masana'antar motoci na Ingila sun duba motar suka ce ba ta da kyau, ga ƙara, ba wanda zai saya. Kamfanin Ford ma an yi masa tayi a 1948 ya ƙi.

Ranar 1 ga Janairun 1948 Heinrich Nordhoff, tsohon ma'aikacin Opel, ya karɓi ragamar kamfanin, ya riƙe ta har rasuwarsa a 1968. Dabararsa ba ta da sarƙaƙiya: mota iri ɗaya, a riƙa inganta ta kaɗan-kaɗan kowace shekara ba tare da canza kamanninta ba, kuma duk ƙasar da za a kai ta sai an tanadi kayan gyara da ƙwararrun makanikai tukuna. Yawancin sunan da Volkswagen ke ci har yau a wannan zamani aka gina shi. A 1949 Birtaniya ta miƙa kamfanin ga hukumomin Jamus ta Yamma.

Zamanin Beetle

Motar, wadda duniya ta sani da Beetle saboda kamanninta da ƙwaro, ta zama tambarin farfaɗowar tattalin arzikin Jamus ta Yamma. An fara fitar da ita zuwa Holan a 1947 ta hannun ɗan kasuwa Ben Pon, wanda kuma shi ya zana hoton farko na bas ɗin da aka soma ƙerawa a 1950, wato Kombi. A 1955 aka ƙera Beetle ta miliyan ɗaya. A Amurka, inda a 1949 guda biyu kacal aka sayar, tallace-tallacen da aka fara a 1959 sun mai da ƙanƙantarta abin alfahari a daidai lokacin da motocin Detroit, cibiyar ƙera motoci ta Amurka, ke ta ƙara tsawo da ƙyalƙyali. Abin mamaki, motar da Hitler ya nemi a ƙera ita ce ta zama abin hawan ɗalibai da matasa masu adawa da yaƙi a shekarun 1960.

Sirrinta shi ne sauƙi. Tunda ba ta da lagireto, babu zancen tafasar ruwa a zafi ko daskarewarsa a sanyi. Nauyin injin da ke kan ƙafafun baya yana taimaka mata a yashi da taɓo, kuma sauke injin gaba ɗaya aikin ɗan lokaci ne. Ranar 17 ga Fabrairun 1972 ta zarce Model T ta Ford a yawan waɗanda aka ƙera. An daina yin ta ainihi a Jamus a 1978, amma aka ci gaba a Meziko har 30 ga Yulin 2003, lokacin da jimillarta ta haura miliyan 21 da rabi.

Golf da faɗaɗa

Dogaro da mota ɗaya ya kusa kai kamfanin ƙasa. Zuwa farkon shekarun 1970 Beetle ta tsufa, motocin Japan sun shigo kasuwa, darajar mak ta tashi, a 1974 kamfanin ya tafka babbar asara. Abin da ya cece shi wani ciniki ne da ya yi tun a tsakiyar shekarun 1960, lokacin da ya sayi kamfanin motoci na Auto Union daga Daimler-Benz, ya haɗa shi da wani kamfanin motoci mai suna NSU a 1969, wanda daga nan Audi ta yau ta fito. A wurinsu ya samo fasahar injin gaba mai sanyaya da ruwa. Passat ta fito a 1973, Golf a 1974 da zanen Giorgetto Giugiaro ɗan Italiya, Polo a 1975. Golf ta gaji Beetle har ta wuce ta, an ƙera sama da miliyan 35.

Daga nan sai sayen kamfanoni: SEAT ta Sifaniya a 1986, Škoda a 1991, sai Bentley da Lamborghini da Bugatti duk a 1998. Kamfanin ya riga yawancin takwarorinsa shiga Sin, inda ya ƙulla yarjejeniya a Shanghai a 1984, motarsa Santana ta cika titunan ƙasar a matsayin tasi da motar hukuma. Sin ta zama kasuwarsa mafi girma. Jagoran wannan zamani shi ne Ferdinand Piëch, jikan Porsche, wanda ya shugabanci kamfanin daga 1993 zuwa 2002, ya kuma riƙe majalisar sa ido har 2015. Gwanin injiniya ne, shi ya yaɗa tsarin ɗora motoci masu suna daban-daban a kan gindi ɗaya don rage kashe kuɗi. An kuma san shi da rashin karɓar uzuri, ma'aikaci bai isa ya ce masa abu ba zai yiwu ba.

Masu kamfanin

Tsarin mallakar Volkswagen daban yake da na sauran. Dokar da aka yi masa ta musamman a 1960, lokacin da aka sayar wa jama'a hannun jari, ta bar wa jihar Lower Saxony kashi 20 cikin ɗari na ƙuri'u tare da ikon hana manyan shawarwari wucewa. Iyalan Porsche da Piëch na riƙe da fiye da rabin ƙuri'un, Qatar na da kimanin kashi 17. Wakilan ma'aikata kuma, ƙarƙashin ƙungiyar ƙwadago ta IG Metall, su ke da rabin kujerun majalisar sa ido. A 2008 kamfanin Porsche ya yi yunƙurin haɗiye Volkswagen, bashi ya yi masa katutu, reshe ya juye da mujiya, a 2012 Volkswagen ne ya kammala mallakar sashen ƙera motocin Porsche. Wannan haɗin gwamnati da ƙungiyar ƙwadago da gidan gado ya kare guraben aiki shekaru masu yawa, amma masu suka na ganin ya rage masu iya tambayar shugabanni daga waje.

Badaƙalar dizal

Ranar 18 ga Satumban 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta sanar cewa Volkswagen ya dasa wata manhaja a injinansa na dizal. Manhajar tana gane lokacin da ake gwada motar a ɗakin gwaji, sai ta kunna na'urorin tace hayaƙi gaba ɗaya. Da an hau titi sai ta sassauta su, motar ta riƙa fitar da iskar naitirojin oksayid mai cutar da huhu, wani lokaci har ninki 40 na abin da doka ta yarda. Masu bincike daga Jami'ar West Virginia ne suka fara bayyana bambancin a 2014, bayan da suka ɗaura na'urar awo a bayan motoci suka bi hanya da su. Kamfanin ya shafe fiye da shekara yana kawo wa hukumomi wasu dalilai kafin ya amsa laifi.

Motoci kimanin miliyan 11 abin ya shafa a duniya. Shugaban kamfanin, Martin Winterkorn, ya yi murabus cikin kwana biyar. A 2017 kamfanin ya amsa laifi a gaban kotun Amurka, wani manajansa, Oliver Schmidt, ya sami ɗaurin shekara bakwai, tara da diyya da sake sayen motoci kuma sun lashe sama da yuro biliyan 30. Abin da ya fi ɓata wa mutane rai shi ne da sunan "dizal mai tsabta" aka tallata waɗannan motoci. Duk da haka masu saye ba su gudu ba: a 2016, shekara guda bayan tonuwar asirin, rukunin kamfanin ya sayar da motoci miliyan 10.3, ya zarce Toyota. Wanda ya fi jin jiki shi ne injin dizal kansa, wanda kasuwarsa a Turai ta yi ta raguwa tun daga lokacin.

A Afirka

An fara haɗa Beetle a Uitenhage ta Afirka ta Kudu a 1951, masana'antar tana aiki har yanzu. A Najeriya an buɗe masana'antar Volkswagen a Ojo, kan hanyar Legas zuwa Badagry, a 1975, shekarar da Peugeot ya fara nasa aikin a Kaduna. Beetle ta zama motar farko ta malaman makaranta da ƙananan ma'aikatan gwamnati da dama, aka kuma haɗa Passat da Santana da wata da aka sa wa suna Igala, wadda asalinta Brasília ce ta Barazil. Faɗuwar darajar naira bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 da kwararowar motocin hannu sun durƙusar da masana'antar. Daga baya kamfanin ya buɗe ƙananan wuraren haɗa motoci a Kenya a 2016, Ruwanda a 2018 da Gana a 2020.

Amma a arewacin Najeriya ba sabuwar mota ce ta yi wa Volkswagen suna ba, 'yar Kwatano ce. Golf 3, wadda aka daina ƙerawa tun ƙarshen shekarun 1990, da Sharan mai kujeru bakwai da direbobi ke kira Sharon, sun cika tashoshin mota suna jigila tsakanin garuruwa da lodin da wanda ya zana su bai taɓa mafarki ba. Direba na son su ne saboda kayan gyaransu na nan a kowace kasuwa, kuma da wuya ka sami garejin da ba a san cikinsu ba. A Legas ma yawancin motocin danfo masu launin rawaya tsofaffin bas-bas ɗin Volkswagen ne.

Halin da ake ciki

Bayan badaƙalar kamfanin ya karkata ga motoci masu amfani da lantarki, ya mai da masana'antarsa ta Zwickau ta koma yin su kaɗai, ya fito da motar lantarki mai suna ID.3 a 2020. Motar ta zo da matsalolin manhaja, fannin da kamfanin bai ƙware a kai ba kamar yadda ya ƙware a ƙarfe da inji. A Sin, inda ya daɗe yana kan gaba, kamfanin BYD na cikin gida ya sha gabansa a 2023. Oliver Blume, wanda ya karɓi shugabanci daga Herbert Diess a 2022, ya tarar da tsadar aiki a Jamus da raguwar ciniki, har a 2024 hukumar kamfanin ta fito fili ta yi maganar rufe masana'antu a cikin ƙasar. Bayan yajin aikin gargaɗi, a watan Disamba na shekarar aka cimma yarjejeniya da IG Metall cewa za a rage guraben aiki sama da 35,000 a Jamus zuwa 2030 ba tare da korar dole ba.