Lambar "firam" ba lambar mara ba ce, kuma ba a gano ta ƙarshe ba

Tun watan Oktoba na 2024, da aka ce wani Ba'amurke, Luke Durant, ya gano sabuwar lambar firam, kalmar ta shiga bakin masu gabatar da shirye-shirye. Na ji wani a rediyo ya fassara ta da "lambar mara". Haba malam! Tara mara ce, amma zuba wa mutum uku goro tara, kowa zai kwashi uku-uku, ba saura. Goro bakwai kuwa, ko mutum ɗaya ya haɗa duka, ko mutum bakwai su ɗauki ɗai-ɗai. Duk wani rabo daidai, sai an fasa goro. To, irin bakwai ake kira firam. Biyu ma firam ce, alhali cika ce.

Wadda ta fi ci mini tuwo a ƙwarya ita ce "firam mafi girma a duniya". Babu ita. Sama da shekara 2,000 da suka wuce Euclid ya rufe wannan ƙofa: tattara firam ɗin da ka sani, ka ninka su da juna, ka ƙara ɗaya. Kowace a cikinsu ka raba sakamakon da ita, ɗaya zai yi saura, ke nan akwai wata firam da ba ta cikin jerinka. Ta Durant ita ce mafi girma da aka sani, shi ke nan.

'Yar gidan Mersenne ce, sunan wani malamin coci Bafaranshe na ƙarni na 17. A jera biyu sau 136,279,841, a ninka su da juna, a cire ɗaya, sai a sami lamba mai alƙalami 41,024,320. Ita ce ta 52 da aka sani a gidan. Amma dabarar tana da tarko. Yi ta da biyu sau 11, za ka sami 2,047, wadda 23 sau 89 ce. Shi kansa Mersenne ya faɗa ciki, ya sa ta biyu sau 67 a jerinsa na firam. Sai a 1903 Frank Nelson Cole ya miƙe a wani taron masana lissafi a New York. Ana ba da labarin cewa bai ce uffan ba, ya ɗauki alli, ya lissafa lambar a gefe guda na allo, a ɗaya gefen ya ninka 193,707,721 da 761,838,257,287. Suka yi daidai, ke nan ba firam ba ce, ya koma ya zauna. Aikin ranakun Lahadi na shekara uku, in ji shi. Ni wannan ya fi burge ni a kan dubban kwamfutocin da Durant ya yi haya ta intanet.

Masu cewa sabuwar lambar za ta tsare kuɗinmu a banki, su ma su yi haƙuri. Firam ɗin da ake kulle bayanai da su ba su cika wuce alƙalami ɗari uku da 'yan kai ba, kuma ɓoye su ake yi. Ta Durant kuwa, duk mai data zai iya sauke ta a wayarsa.