Haɗa sana'a biyu a Dungeons & Dragons: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Tambayoyin nan su ne dai ake ta jefo mini, yau wannan gobe wancan, kowa yana ganin shi ya fara yin tasa. Na tara su wuri guda, duk wanda ya sake tambaya nan zan turo shi. Maganata a kan bugu na biyar ce na wannan wasan tebur da kowa ke tafiyar da jaruminsa cikin labari ana jefa ɗan lido, dokokin 2014, inda gyaran 2024 ya taɓa wani abu kuma zan faɗa. Wanda littafin ya kira Fighter mayaƙi zan ce masa, Paladin barde, Barbarian ɗan tauri, Rogue ɗan sane, Ranger maharbi. Wizad da sosara da walok, masu sihiri, na bar su da sunayensu. In na ce mataki, na jarumi nake nufi. In na ce daraja, ta sihiri ce. Kar ka cakuɗa su, don rabin ruɗanin daga nan yake tasowa.

Mene ne ma haɗa sana'a?

In jaruminka ya hau mataki, maimakon ka ƙara masa a sana'ar da yake kai, sai ka saka matakin a wata. Mayaƙi 3 da wizad 2 jarumi ne mai mataki 5. Iyaka 20 ce a jimlace. Shi ke nan.

Sai jagoran wasa ya yarda?

Eh. A littafin 'yan wasa na 2014 doka ce ta ganin dama, tana babi na 6. In ya ce a'a, a'a ce. Kar ka turo mini hoton hirarku wai in yi muku alƙalanci.

Na yi wannan haɗin a Baldur's Gate 3 ya tafi lafiya lau, me ya sa aka hana ni a tebur?

Don ba abu ɗaya ba ne. Wasan kwamfutar da Larian suka fitar a 2023 ya cire sharaɗin maki, kuma da zinare 100 za ka rushe jaruminka ka sake gina shi daga tushe. A tebur kuwa sai kana da maki 13 a babbar siffar sana'ar da kake ciki, da kuma ta wadda za ka shiga. Duka biyun, malam. Wizad yana son basira 13, sosara da walok kwarjini 13, ɗan sane zafin nama 13, mayaƙi ƙarfi ko zafin nama, barde kuwa ƙarfi 13 da kwarjini 13 a tare. Wanda ya gina bardensa a kan zafin nama ya bar ƙarfi a 8 ya kulle kansa ciki, ba ƙofar fita. Wannan abu tun ranar rabon maki ake tunaninsa, ba sai an kai mataki na shida ba.

Yaushe ya kamata in fara?

Ba kafin mataki na 5 ba. In da abu ɗaya za ka ɗauka daga wannan rubutu, to wannan ne.

A mataki na 5 mayaƙi da barde da ɗan tauri da maharbi suke fara sara biyu a zagaye ɗaya. A nan wizad yake samun sihirin daraja ta uku, har da ƙwallon wutar nan mai 8d6, wato ɗan lido mai fuska shida guda takwas, a kan duk wanda ke cikin ƙafa 20 daga inda ta fashe. To dubi mai mayaƙi 3 da wizad 2 yana zaune kusa da su: sara ɗaya, sihirin daraja ta ɗaya kawai ya sani, ko ƙarin makin da ake samu a mataki na 4 bai gani ba, don shi wannan ƙari da matakin sana'a ake lissafa shi, ba da jimla ba. Dodannin da jagora zai fito da su kuwa na mataki na 5 ne, ba ruwansu da shirinka na gaba. Taura biyu ba ta taunuwa, balle a farkon tafiya.

Ni abin da ke ba ni haushi shi ne mutum ya zo mini da takarda ya tsara jaruminsa har mataki na 20, wai a 17 ne haɗin zai nuna kansa. Wa ya gaya maka za ku kai? Labarin da sababbi da yawa suke farawa da shi, Lost Mine of Phandelver, a mataki na 5 yake ƙarewa. Curse of Strahd a 10. Ban da tafiye-tafiye da jarrabawa da aure da ke watsa tebur tun labari bai yi rabi ba. Ka gina jarumin da za ka ji daɗinsa a zaman mako mai zuwa.

In na haɗa mayaƙi 5 da barde 5, sara uku zan riƙa yi?

A'a. Biyu.

Kariyar ɗan tauri ta rashin sulke fa, tana hawa kan irinta ta wata sana'a?

Ba ta hawa. Wadda ka fara samu ita ce taka.

To me ke bin jimlar mataki ke nan?

Ƙarin ƙwarewa, wato abin da ake ƙara maka a jifar ɗan lido kan abin da ka ƙware a kai: +2 daga mataki 1 zuwa 4, +3 daga 5, +4 daga 9, haka har +6 a 17. Sai ƙananan sihirin nan na kyauta da ba sa cin gurbi, wato rabon da kake kashewa duk sanda ka yi sihiri mai daraja, su ma da jimla suke ƙaruwa, a 5 da 11 da 17. Sauran kusan duka na sana'a ne.

Da wace sana'a zan fara, ko duk ɗaya ne?

Ba ɗaya ba ne, kuma a nan mutane suke yin asarar da ba ta gyaruwa. Sana'ar farko ita kaɗai take ba ka ƙwarewa a jifar tsira, wato jifar ɗan lido don kuɓuta daga sihiri ko wani haɗari, ita kaɗai kuma take ba ka cikakken jini a matakin farko: 10 ga mayaƙi, 6 ga wizad, kafin a ƙara na juriya. Wanda ya fara da mayaƙi yana da sulke mai nauyi, wanda ya shigo daga baya kuwa matsakaici da garkuwa kawai zai samu. Wanda ya fara da ɗan sane ƙwarewa huɗu yake zaɓa, mai shigowa daga baya ɗaya.

Shi ya sa masu son wizad mai sulke suke farawa da mayaƙi. Ba sulken ne ma babban abin ba, ƙwarewar da mayaƙi ke bayarwa a jifar juriya ce. Duk bugun da ka sha kana riƙe da sihiri sai ka jefa, ka kai 10 ko rabin ɓarnar da aka yi maka, wanda ya fi yawa, in ba haka ba sihirin ya watse. Sai dai ka sani ka sayar da ƙwarewar jifar hankali da farawa da wizad ke bayarwa, wadda ke tsare ka daga masu juya tunani, kuma duk sihirinka zai riƙa zuwa a makare da mataki ɗaya har ƙarshen wasa. Cikakken sulken ƙarfen ma zinare 1,500 ne, yana kuma son ƙarfi 15, in babu tafiyarka ta ragu da ƙafa 10.

Bardena yana mataki na 5, ina so in ƙara masa sosara don in samu gurbi da yawa na saran haske, wanda barde ke kashe gurbi ya ƙara ɓarnar saransa. In shiga yanzu ko in jira?

Yauwa, wannan ita ce tambaya. Amsarta ba guda ba ce, sai ka yi haƙuri.

Farko dai kar ka shiga a 5. A mataki na 6 barde yake samun inuwar nan da ke ɗora ƙarin da kwarjininsa ke bayarwa a kan duk wata jifar tsira, tasa da ta duk abokin da ke cikin ƙafa 10 da shi. A ganina babu wani abu a matakan farko na sosara da ya kai ta, kuma ba kai kaɗai take yi wa amfani ba. Ga lissafi kuma. Wajen ƙirga gurbi, matakan sosara cikakku ake ɗauka, na barde rabi, a dokar 2014 kuma ana yar da ɓurɓushi. Barde 5 biyu ne, barde 6 uku ne. In ka fita a 5 ka zubar da rabin mataki a banza.

To a ce ka kai 6 ka juya. Mu duba mataki na 9. Barde 6 da sosara 3 lissafinsa 3 da 3, shida: gurbi huɗu na daraja ta ɗaya, uku na ta biyu, uku na ta uku. Barde zalla mai mataki 9 yana da huɗu, uku, biyu. Ka gani? Bayan matakai uku, gurbi ɗaya tal ka fi shi. Shi kuma ya san sihirin daraja ta uku, kai ba ka san ko ɗaya ba, ya karɓi ƙarin maki a 8, ya kuma fi ka jini da wajen biyu a kowane matakin da ka ba sosara, tunda shi d10 yake jefawa kai d6. Abin da ka samu shi ne sihirin garkuwa mai ƙara 5 a kariyarka, da ƙananan sihiri, da dabarar gaggauta sihiri ka yi shi a zagayen da kake sara. Ba abin rainawa ba ne, amma ba tulin gurbin da ka zo nema ba ne.

A mataki na 12 ne labari yake juyawa. Barde 6 da sosara 6 lissafinsa tara, yana da gurbi uku na daraja ta huɗu har da ɗaya na ta biyar, barde zalla kuwa yana nan a ta uku. Saran haske 2d8 ne da gurbin daraja ta ɗaya, yana ƙaruwa da d8 a kowace daraja, ya tsaya a 5d8, wato a gurbin daraja ta huɗu ya ƙure. Sai dai shi ma barde zalla tun mataki na 11 duk saran da ya samu yana ɗauke da ƙarin 1d8 kyauta, ba gurbi ba komai, daga safe har dare.

Saboda haka abu biyu za ka tambayi jagoranku. A wane mataki labarin zai ƙare? In 9 ko 10 ne, ni dai zan ce ka zauna a barde, ko da yake wanda ke shan bugu kullum zai iya cewa garkuwar nan kaɗai ta biya kuɗinta, kuma ba zan yi masa musu sosai ba. Sannan faɗa nawa kuke yi kafin dogon hutu? In ɗaya ne ko biyu, mai gurbi da yawa zai zazzage su duka a kan babban dodo ya yi abin kallo. In jagoranku mai jan rana ne, faɗa shida kafin a kwanta, ƙarin nan na kyauta ya fi daɗewa a hannu. A irin wannan tebur ma wataƙila walok ya fi maka sosara, don gurbinsa daban ake ƙirga shi, kaɗan ne amma yana dawowa da gajeren hutu.

In kuma da dokokin 2024 kuke wasa, sake lissafin daga farko. Can rabin matakin barde sama ake cika shi, saran haske kuma ya zama sihiri mai cin ƙaramin motsinka na zagaye, wanda shi ne dai gaggauta sihiri yake ci. Ba za ka yi duka biyun a zagaye ɗaya ba, kuma wannan ya rage wa haɗin armashi ƙwarai.

Takardata ta nuna ina da gurbin daraja ta uku. Zan iya ɗaukar ƙwallon wuta?

Gurbi daban, sani daban. Sihirin da za ka koya kowace sana'a da matakinta ake dubawa, kamar ita kaɗai kake da ita. Maharbi 4 da wizad 3 yana da gurbi biyu na daraja ta uku, amma littafin sihirinsa a ta biyu ya tsaya. Ka zuba sihirin ƙaramar daraja a babban gurbi ya ƙara ƙarfi, iyakar abin da za ka yi ke nan.

Ɗan tauri da wizad fa?

Haba ɗan'uwa. In ɗan tauri ya hau fushi ba ya iya yin sihiri, ba ya iya riƙe wanda ya riga ya yi. Karanta sana'ar taka mana kafin ka tambaya.

An ce ɗaukar walok mataki ɗaya ko biyu don ƙarfi kawai ha'inci ne. Gaskiya ne?

Ba ha'inci ba ne, doka ta yarda. Na san dalilin ƙorafin. Tun da aka fito da walok mai la'anannen makami a 2017, wanda a matakinsa na farko yake barin ka kai sara da kwarjini maimakon ƙarfi, sai ya zamana barde bayan barde yana wayar gari da yarjejeniya da wata halittar duhu, ba bayani. Abin da nake roƙo kawai, ka ba jagora abin da zai yi aiki da shi. Wa ka yi wa alkawari, me ya ce ka biya, me ya sa mai rantsuwa irin barde ya yarda? Layi uku sun isa. Amma fa in ubangidan naka ya aiko neman bashinsa a tsakiyar labari, kar ka ɓata rai. Gyaran 2024 ya mayar da zaɓen reshen kowace sana'a mataki na 3, wanda ya rage irin wannan leƙe a wurare da dama.

Sihiri ɗaya ko biyu kawai nake so mayaƙina ya iya. Dole sai na haɗa?

Ba dole. Akwai baiwar da ake ɗauka a madadin ƙarin maki, tana ba ka ƙananan sihiri biyu da ɗaya na daraja ta ɗaya. Mayaƙi ma ya fi kowa sararin ɗaukarta, don yana da ƙarin zaɓi a mataki na 6 da na 14. Akwai kuma reshen mayaƙi mai sihiri a mataki na 3. Duba waɗannan tukuna.

Na riga na raba tun mataki na 2, yanzu kowa ya fi ni. Na ɓata jarumina ke nan?

Sha kuruminka, ba a kore ka daga tebur ba. Zaɓi sana'ar da ka fi jin daɗinta ka bi ta ba waiwaye har ta kai 5, za ka ga tazarar ta ragu. In abin ya dame ka ƙwarai, ka sami jagora a gefe bayan an tashi, ba a tsakiyar faɗa ba, ka nemi ya bar ka ka gyara takardar. Da wuya ya ƙi, shi ma ba ya son ganin ɗan wasa yana latsa waya don zagayensa ba daɗi.

Zan iya ɗaukar mataki ɗaya a duka sana'o'i 12?

Za ka iya. Kana buƙatar 13 a ƙarfi da zafin nama da basira da hankali da kwarjini. A rabon maki 27, kowace 13 tana cin 5, ka kashe 25, saura 2 ka kai juriya 10. A mataki na 12 za ka kasance da sara ɗaya, ba ƙarin maki ko sau ɗaya, ba sihirin da ya wuce daraja ta ɗaya. In wasan dare ɗaya ne na raha, bismilla. In dogon labari ne, ba a teburina ba.