Shin Kaduna Electric za ta sayi wutar solar da ke rufin gidanka?

Duk wanda ya ɗora farantan sola ya san abin da ke faruwa wajen ƙarfe ɗaya na rana: batir ya cika, fanka da firji ba sa iya shanye abin da farantan ke bayarwa, ragowar ta tafi a banza. Me zai hana a tura wannan rarar cikin layin kamfanin rarraba wuta, wato Kaduna Electric, a biya mai gida? Kuma in an yi haka, zai samar wa mutane aikin yi?

Mu fara da abin da babu gardama a kansa. Dokar Wutar Lantarki ta 2023, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na shekarar, ita ta maye gurbin tsohuwar dokar 2005. A ƙarƙashinta, wanda wutar da yake samarwa a wuri ɗaya ba ta wuce megawat 1 ba, ba ya bukatar lasisi. Megawat 1 kilowat 1,000 ne, gida kuwa mai kilowat 5 ya yi ƙoƙari. Saboda haka mai gida a Unguwar Rimi ko mai shago a Kawo ba ya neman izinin NERC, hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki a Najeriya, kafin ya sa sola don amfanin kansa.

Sayarwa kuma wata magana ce daban. Dokar ta ɗora wa NERC aikin tsara yadda wutar rana da ta iska za su shiga layi, har da farashin da za a saye su. Tun 2015 hukumar ta fitar da ƙa'idar farashin irin wannan wuta, sai dai manyan tashoshi aka yi wa ita, daga megawat 1 zuwa sama, ba rufin kwanon talaka ba. Ga mai gida, hanyoyi biyu duniya ta sani. Ta farko musaya ce: ka tura yunit 10 da rana, ka ja yunit 10 da dare, ba wanda ke bin wani. Ta biyu ciniki ne: kamfani ya sayi naka a farashin sari, ya sayar maka da nasa a farashin da kowa ke biya, a cire wannan daga wancan a ƙarshen wata. Kamfanonin rarraba wuta a ko'ina sun fi son ta biyu, kuma suna da hujja, domin turaku da taransfoma da albashin ma'aikata duk daga kuɗin yunit ake biyansu. Amma gibin da ke tsakanin farashin biyu shi ke yanke hukuncin ko abin zai biya mai gida.

Ko wace hanya aka bi, sai da yarjejeniya a rubuce tsakaninka da kamfani, da kuma mita mai ƙirga shiga da fita. Mitar kati da muka saba da ita ba a yi ta don haka ba. Wasu ma in wuta ta koma baya ta cikinsu, sai su lissafa ta kamar ka sha, ka biya kuɗin wutar da kai ka bayar. Wanda kuma ya jona inbatarsa da layi a ɓoye yana wasa da ran ma'aikacin da zai hau turke yana zaton layin a mace yake.

Wannan haɗarin ne ya haifi babban cikas ɗin da ba a cika faɗa ba. Inbatar da aka ƙera don tura wuta cikin layi, da zarar an ɗauke wuta take daina turawa. Da gangan aka yi ta haka. Ma'ana, ba za ka sayar ba sai lokacin da NEPA ta kawo. An kasa masu shan wuta rukuni-rukuni gwargwadon awannin da ake ba su: wanda ke rukunin A, inda alkawarin shi ne awa 20 a rana kuma aka kai yunit naira 225 a Afrilun 2024, yana da abin lissafawa. Na rukunin D mai awa 8, ko E mai awa 4, wa ya ce awanninsa za su faɗo da rana tsaka? A Oktoban 2024, da aka lalata babban layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta kwashe kwanaki a duhu rana na ƙwallewa. A irin wannan lokaci ko yunit ɗaya ba mai iya turawa. Ga kuma ƙarfin aljihun mai sayen: a Janairun 2024 NERC ta rushe hukumar gudanarwar Kaduna Electric, mai kula da Kaduna da Zamfara da Sakkwato da Kebbi, kan bashin kusan naira biliyan 110.

To ina maganar aikin yi? Jihar Kalifoniya ta Amurka ta nuna yadda farashin rarar wuta ke taɓa tukunyar ma'aikaci. A Afrilun 2023 aka zaftare kusan kashi 75 cikin 100 na abin da ake biyan sababbin masu sola, masu neman a ɗora musu suka ragu, kamfanoni suka sallami ma'aikata, waɗanda suka tsira suka koma haɗawa da batir. A nan Kaduna abin ya sha bamban, domin ba don mu sayar muka sa sola ba. Rashin wuta ne da tsadar fetur bayan cire tallafi a Mayun 2023 suka cika rufuna. Matasan da ke ɗora faranti, da maƙeran Panteka masu haɗa ƙarafan da ake ɗora shi, da masu sayar da batir da waya, babu wanda abincinsa ya dogara da cinikin rarar wuta.

A ganina, in cinikin ya kankama, manyan rufuna zai fara amfana: masana'antun Kakuri, makarantu, asibitoci, wuraren da ke rufe ranar Lahadi faranti na ta aiki. Aikin da zai kawo kuma na masu takarda ne. NEMSA, hukumar gwamnati mai kula da ingancin kayan lantarki, ita ce ke ba masu haɗa wuta shaidar ƙwarewa tare da duba aiki, kuma ba kamfanin da zai yarda a jona masa abin da ba a tantance ba. Yaron da ya koyi sana'ar a hannun maigidansa, in ya tsaya a haɗa batir da inbata kawai, zai ga kwangilar ta wuce shi zuwa kamfanin Abuja ko Legas.

Akwai wata hanya da ta fi kusa da 'yan kasuwa. Ƙa'idar ƙananan tashoshin wuta ta 2016, da aka sabunta a 2023, ta yarda mai zuba jari ya ƙulla yarjejeniya ta ɓangare uku da kamfanin rarrabawa da jama'ar wuri, ya ba kasuwa ko unguwa sola da rana ta wayoyin da ke nan, ya sayi ta kamfani in ta samu. Irin wannan tasha tana bukatar mai gyara, mai karɓar kuɗi, mai wanke faranti lokacin hunturu da ƙura ke rufe su, da mai gadi, kuma duk daga cikin unguwar za a ɗauke su.