Karnukan tsaro da hurumin shari'a a barikin soja

Karen tsaro na soja kare ne da aka horar don gadin bariki, shinshino nakiya ko miyagun ƙwayoyi, ko bin sawun mutum. Doka ba ta lissafa shi cikin jami'ai, kayan aiki ne a hannun mai riƙe da igiyarsa. Saboda haka duk abin da ya gano, doka ce ke faɗin wanda zai yi bincike da kotun da za ta saurari maganar.

Dokar soja a Nijar

An kafa rundunar sojan Nijar ranar 1 ga Agusta 1961. Kundin shari'ar soja ya fito cikin watan Maris 2003, bayan boren sojojin Diffa na 2002, kuma kotun soja tana zaune a Yamai da hurumi a kan ƙasar gaba ɗaya. Tsarin ya biyo sawun na Faransa, inda jandarma ke yi wa soja aikin ƴan sanda. Su ke kama sojan da ya yi laifi, su ɗauki bayaninsa a rubuce, su miƙa takardun ga mai shigar da ƙara.

Jihar Maraɗi ita ce shiyyar tsaro ta 6, kuma tana fama da ƴan bindiga ta gefen Madarunfa da Gidan Runji, inda iyaka da Najeriya ke kusa. Aikin sojan da aka laƙaba wa suna Farautar Bushiya don wannan matsalar aka ƙaddamar da shi.

Wa ke da hurumi

Abu uku ake dubawa: matsayin mai laifi, wurin da ya yi shi, da irin laifin. Gudun soja, ƙin bin umurni da barin wurin gadi laifuffuka ne na soja zalla. Farar hula kuwa, a ce mai kawo wa bariki itacen girki da aka samu da tramol a buhu a bakin ƙofa, a ƙa'ida jandarma za su kai shi gaban mai shigar da ƙara na babbar kotun Maraɗi. In nakiya ce aka samu, kuma ana zargin ta'addanci, maganar takan koma sashen shari'a na musamman a Yamai.

Sojan waje lamarinsu daban ne, yarjejeniya tsakanin gwamnatoci ke tsara shi. Na Amurka suna ƙarƙashin kundin shari'ar sojansu na 1950 ko'ina suka je. Gwamnatin Nijar ta soke yarjejeniyarta da su a Maris 2024, suka bar sansanin Agadas a Agusta.

Yadda karen ke aiki

Jinsin karnukan da aka fi amfani da su su ne malinuwa na Beljiyam da karen makiyayan Jamus, sai labirado don shinshina kawai. Amurka na horar da nata a sansanin Lakland da ke jihar Tekzas, jandarman Faransa kuma a garin Garamat na ƙasarsu tun 1945. Da wasa ake koya masa: ya gano wari, a jefa masa ƙwallo. In ya ji abin da yake nema sai ya zauna ya kafe wurin da ido, ba ya tonawa, don karen da ke tonon nakiya ba ya tsufa.

Ba a haɗa wa kare guda nakiya da ƙwaya. In aka haɗa, ya zauna gaban mota, mai shi ba zai san ko ya buɗe buhu ko ya kori jama'a ba.

Zaman kare ba hujja ba ne, dalili ne kawai na buɗe kaya. Abin da alƙali ke dubawa shi ne abin da aka samu, da takardar da jami'in bincike ya rubuta. Kare yakan yi kuskure, musamman in ya karanci zargi a jikin mai riƙe da shi, shi ya sa rundunoni masu tsari ke ajiye littafin horo da jarrabawar kowane kare. Haka batun cizo: sakin kare a kan mutum amfani da ƙarfi ne, kuma mai igiya zai amsa in ya wuce gona da iri.

Yanayi da addini

Zafin Afrilu da Mayu a Maraɗi yakan haura digiri 40. Kare da haki yake sanyaya jikinsa, kuma mai haki ba ya shinshina da kyau. A irin wannan yanayi aikin sai da asuba ko da dare, a taƙaice, da ruwa a kusa. Ƙurar hunturu ma tana rage masa kaifin hanci.

Mutane da yawa na ƙyamar kare ya taɓa musu tufa, abin da jami'i mai hankali ke lura da shi a bakin ƙofa. Amma mazhabar Malikiyya da ake bi a yankin tana ɗaukar kare mai rai a matsayin mai tsarki, kuma shari'a ta halatta riƙe shi don farauta, kiwo da gadin gona. Aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta ambaci dabbobin farauta da aka koya wa aiki.