Bautar Zamani a Bayan Kayan da Kamfani Ke Saye: Tambayoyi da Amsoshi

Wai har yanzu akwai bauta, ko dai kalma ce kawai ta tayar da hankali?

Akwai. Ƙiyasin da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO, ta fitar a watan Satumban 2022 tare da ƙungiyar Walk Free da hukumar ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a shekarar 2021 mutum kusan miliyan 50 ne ke cikin bautar zamani. Miliyan 27.6 suna aikin tilas, miliyan 22 kuma auren dole aka yi musu. Abin da ya shafi 'yan kasuwa shi ne kashi 86 cikin ɗari na aikin tilas ba gwamnatoci ke sa shi ba, yana hannun masu zaman kansu ne. A 2024 ILO ta ƙiyasta haramtacciyar ribar da ake ci daga gumin waɗannan mutane a kan dala biliyan 236 duk shekara. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Duk aiki mai wahala da ƙarancin albashi bauta ne ke nan?

A'a, kuma cakuɗa su ba ya taimakon kowa. Yarjejeniyar ILO mai lamba 29 ta 1930 ta ce aikin tilas shi ne wanda aka sa mutum ta hanyar barazanar wani hukunci, alhali ba da son ransa ya miƙa kansa ba. Ma'aunin tambaya ɗaya ce: in ya ga dama yau, zai iya ajiye aikin ya tafi? Wanda albashinsa bai isa ba amma yana iya ɗaukar jakarsa ya kama gabansa, ana cutarsa, sai dai ba bawa ba ne. Wanda fasfo ɗinsa ke kulle a durowar manaja kuma, ko wanda aka ce masa in ya tafi za a kira masa jami'an shige da fice, wannan ya shiga wani babin.

Safarar mutane ita ce hanyar da ake bi a kai mutum can. Yarjejeniyar Palermo ta 2000, wato ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan safarar mutane, ta ce safara ta haɗa abu uku: a ɗauko mutum ko a yi jigilarsa ko a karɓe shi, ta hanyar yaudara ko tursasawa, da nufin ci da guminsa. Ba sai an tsallake iyakar ƙasa ba. In yaro ne ɗan ƙasa da shekara 18, ba a ma buƙatar a nuna an yaudare shi.

Ina ruwan kamfanin da bai ɗauki waɗannan mutane aiki ba?

Kamfani ya san wanda ya sayar masa da kaya, don da shi ya sa hannu a takarda. Wannan shi ne hawa na farko. Shi kuma mai sayarwar wani ne ya kawo masa zare, mai zare ya saya wajen mai gurzar auduga, mai gurza ya tara daga gonaki ɗaruruwa. Yawancin ɓarnar can ƙasa take, inda mai sayen ƙarshe bai taɓa leƙawa ba.

A 2015 'yan jaridar kamfanin dillancin labarai na Associated Press suka isa Benjina, wani tsibiri a Indonesiya, suka tarar da masunta, yawancinsu 'yan Myanmar, waɗanda aka tilasta wa aiki a jiragen kamun kifi shekara da shekaru, wasu ma a kulle cikin keji. 'Yan jaridar suka bi sawun jirgin da ya kwashi kifin ta tauraron ɗan'adam har tashar ruwa a Tailan, daga nan suka bi motoci zuwa masana'antu, har kayan suka ɓulla a manyan kantunan Amurka, ciki har da abincin kyanwa na gwangwani. Sama da mutum 2,000 aka kuɓutar bayan rahoton. Kantunan ba su taɓa ganin fuskar ko ɗaya daga cikin masuntan ba, amma kuɗinsu ne ke zuba wa jiragen mai.

Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya kan kasuwanci da haƙƙin ɗan'adam, waɗanda Farfesa John Ruggie ya tsara aka amince da su a 2011, sun rufe wannan ƙofa ta kare kai. Sun ce alhakin kamfani bai tsaya a cutar da ya yi da hannunsa ba, ya kai har wadda ke manne da kayansa ta hanyar abokan hulɗarsa.

To ba sarƙa, ba bulala, da me ake ɗaure mutum?

Da bashi, galibi. A ganina wanda bai fahimci wannan ba bai fara fahimtar matsalar ba.

A ɗauki saurayin da dillali ya yi wa albishir da aiki a wata masana'anta a ƙasar waje. Sai ya biya kuɗin dillali, kuɗin gwajin lafiya, kuɗin biza, kuɗin jirgi, da wani kuɗin da ba shi da suna kuma ba a ba da rasit. Ba shi da su, don haka aka jinginar da gonar gida, aka ci bashi da ruwa. Ya sauka, aka karɓe fasfo "don kada ya ɓata". Aka miƙo masa wata takardar kwangila cikin harshen da ba ya ji, albashin da ke ciki bai kai wanda aka faɗa masa a gida ba. Ƙarshen wata aka cire kuɗin ɗaki, kuɗin abinci, da tarar makara. Abin da ya rage da kyar ya biya ruwan bashin, uwar kuɗin na nan daram. Ƙofar masana'antar a buɗe take, ba mai gadi da bindiga. Amma ina za shi? In ya gudu, bizarsa a sunan ubangidansa take, ya zama baƙon haure. In ya koma gida, gona ta tafi. Sai ya sunkuyar da kai, ya karɓi kowane ƙarin awa aka ɗora masa.

A lura, an gama ɗaure shi tun kafin ya taka ƙofar masana'anta. Shi ya sa mai masana'antar zai iya rantsuwa bai karɓi ko sisi ba, kuma ta yiwu gaskiyarsa. Sai dai shi ne ya zaɓi dillalin da ya kawo masa ma'aikata kyauta, bai kuma tambayi wa ya biya ba. Ƙiyasin na 2022 ya nuna ma'aikaci ɗan ci-rani ya ninka ɗan ƙasa sau uku wajen haɗarin faɗawa aikin tilas, kuma wannan bashin na cikin manyan dalilai.

Maganin da aka fi yarda da shi a yanzu gajere ne: wanda ke neman ma'aikaci shi zai biya kuɗin ɗaukarsa. Kamfanin Apple ya haramta wa masu yi masa kaya cajin ma'aikata irin wannan kuɗi tun 2015, ya kuma sa a mayar wa waɗanda aka karɓa daga hannunsu.

Doka fa? Ko dai abin ganin dama ne?

Dokokin kala-kala ne, kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba. Akwai masu cewa "faɗa mana abin da kake yi". Jihar Kalifoniya ta Amurka ta fara a 2010. Birtaniya ta biyo baya da dokar 2015, wadda sashenta na 54 ya wajabta wa kamfanin da cinikinsa ya kai fam miliyan 36 a shekara ya wallafa bayani duk shekara, da amincewar hukumar daraktoci da sa hannun darakta. Ostireliya ta yi tata a 2018. Raunin ta Birtaniya a fili yake: kamfani na iya rubuta cewa bai ɗauki wani mataki ba, kuma ya cika doka.

Akwai masu cewa "bincika, ka gyara", irin dokar Faransa ta 2017 da ta Jamus da ta fara aiki a 2023.

Sai kuma masu tare kaya a tashar jiragen ruwa, kuma su ne ke hana daraktoci barci. Sashe na 307 na dokar kwastan ta Amurka ta 1930 ya haramta shigo da kayan aikin tilas, amma sai da aka toshe wata kafa a cikinsa a 2016 ya fara cizo. A watan Yulin 2020, ana tsakiyar annobar korona duniya na rububin safar hannu, kwastan ɗin Amurka ya tare kayan Top Glove na Malesiya, kamfanin da ya fi kowa yin safar roba. Ba a ɗage takunkumin ba sai Satumban 2021, bayan kamfanin ya mayar wa baƙin ma'aikatansa kuɗin dillalai ya kuma gyara musu masauki. Tun Yunin 2022 wata dokar Amurka ta ɗauki duk kayan da ke da alaƙa da yankin Shinjiyang na ƙasar Sin a matsayin na aikin tilas sai mai shigo da su ya tabbatar da akasin haka, ko da yake gwamnatin Sin na musanta zargin. Tarayyar Turai ma ta zartar da nata haramcin a 2024, zai fara aiki a Disamban 2027.

Mun aika masu bincike, sun ba masana'antar takardar shaida. Bai wadatar ba?

Bai wadatar ba. A Satumban 2012 gobara ta kashe sama da mutum 250 a masana'antar tufafi ta Ali Enterprises a Karachi ta Pakistan, da yawansu saboda ƙofofi a kulle da tagogi masu ƙarafa. Makonni kaɗan kafin nan aka ba masana'antar takardar shaidar cika ƙa'idojin aiki. In mai bincike bai ga ƙofar da aka garƙame ba, ta yaya zai ga bashin da aka ci a wata ƙasa?

Yadda aka saba yi, an san ranar da mai bincike zai zo, sau da yawa masana'antar ce ma ke biyansa. A share fili, a fito da littafin awoyi na biyu, a zaɓo ma'aikata biyar a biya musu karatun abin da za su faɗa, a zaunar da su a ofis da tafinta wanda ma'aikacin kamfanin ne. Wa zai buɗe baki? Bincike mai amfani shi ne na ba-zata, a gana da ma'aikaci a waje da harshensa, a yi masa tambayar da ke da amsar lamba: nawa ka biya kafin ka zo, wa ka ba, saura nawa, ina fasfo ɗinka yanzu haka? Inda kuma ma'aikata ke da ƙungiyar ƙwadago ta gaskiya, akwai ido a wurin kullum, ba kwana biyu a shekara ba.

Waɗanne alamu ne ma'aikacin ofis zai iya gani da idonsa?

ILO ta jera alamu 11, ciki har da riƙe takardun shaida, riƙe albashi, hana fita, barazana da ƙarin awoyi fiye da ƙima. Amma wasu alamun a takardar albashi suke kwance. A shari'ar da aka kammala a Ingila a 2019, wadda 'yan sanda suka kira Operation Fort, wani gungu ya yaudaro 'yan Poland da aka ƙiyasta sun kai 400, marasa gida da tsofaffin fursunoni da masu fama da shaye-shaye, ya zuba su a gonaki da wuraren tace shara ta hannun halattattun kamfanonin samar da ma'aikata. Ana biyan albashi cif-cif ta banki, sai dai katunan cirar kuɗin na hannun gungun. Ɗaya daga cikin 'yan gungun ma a cikin wani kamfanin ɗaukar ma'aikatan take aiki.

Don haka akawu ya duba: mutum nawa ne suka ba da adireshi ɗaya, lambar waya ɗaya, ko magaji ɗaya? Mai kula da ƙofa ya lura da wanda mota ɗaya ke kawowa tana kwashewa, wanda wani ke amsa tambaya a madadinsa, wanda ba ya zuwa da abincin rana. Kada kuma wanda ya gani ya tunkari wanda ake zargi da kansa, domin ma'aikacin ne zai kwana a ciki. A sanar da hukuma ko ƙungiyar da ta san aikin.

Shin kamfanin da ke saye yana da hannu, ko duk laifin masu kawo kaya ne?

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sashen kula da ɗa'a ya aika wa masana'anta kundin ƙa'idoji, washegari sashen saye ya ce a rage farashi, a kawo kaya cikin rabin lokacin da aka saba, biya kuma sai bayan wata uku. Mai masana'anta ba zai rage kuɗin lantarki ko na yadi ba. Abin da ke lanƙwasuwa a hannunsa ɗan'adam ne: ya tilasta kwana a bakin inji, ko ya miƙa rabin aikin ga wani ƙaramin ɗan kwangila da ba wanda ya san da shi. Farashin da bai isa a biya mafi ƙarancin albashi ba, in an yi lissafi, shi kansa alama ce, kuma mai saye ne ya sa hannu a kai.

In an gano aikin tilas, ba sai a soke kwangila a huta ba?

Kamfani ya huta, ma'aikaci ya rasa aiki da bashinsa a wuya. An gudu ba a tsira ba. Abin da ya kamata shi ne a fara da mutumin: a tabbatar ba za a rama a kansa ba, a mayar masa da fasfo, a biya shi albashin da aka riƙe da kuɗin dillali, a ba shi zaɓin zama ko komawa gida. Sannan a ba mai masana'anta wa'adin gyara, mai saye ya ɗauki wani kaso na kuɗin. Yanke hulɗa na zuwa ne in ya ƙi.

Sai fa inda gwamnati ce ke tilastawa, nan ba gyaran da masana'anta ɗaya za ta iya. A Uzbekistan hukuma ta daɗe tana kwashe ɗalibai, malamai da ma'aikatan jinya zuwa tsinkar auduga duk kaka. Kamfanoni sama da 300 suka yi alkawarin ƙaurace wa audugar ƙasar, ILO ta riƙa sa ido a gonaki, gwamnatin Shavkat Mirziyoyev da ta hau a 2016 ta soke kason audugar da ake ɗora wa jami'ai, aka kuma ƙara kuɗin tsinka. A Maris 2022 gamayyar da ta jagoranci ƙauracewar ta janye ta, tana mai gargaɗin cewa har yanzu ma'aikatan ƙasar ba su da cikakken 'yancin kafa ƙungiyoyinsu.