Waiwaye: Yadda Ƙoƙon Bara da Ƙararrawa Suka Shiga Zauren Zane a Tailan

Har yau ba a daina ja-in-ja a ƙasar Tailan ba kan iyakar da mai zane zai tsaya idan ya taɓa kayan ibadar addinin Buddha. Da an taso da zancen, sai a koma watan Satumban 2019, lokacin da wata ɗaliba a lardin Nakhon Ratchasima ta zana Buddha da jikin Ultraman, jarumin nan na talabijin ɗin Japan. Aka yi mata ca, ta je gaban babban limamin addinin Buddha na lardin ta nemi gafara, daga baya kuma aka yi gwanjon ɗaya daga cikin zanukan kan baht 600,000, kuɗin Tailan. Mai kallo daga nesa sai ya ɗauka rana tsaka abin ya faɗo.

Tsohuwar rigima ce. Wani ɗan Italiya mai sassaƙa, Corrado Feroci, wanda ya koma Silpa Bhirasri, shi ya aza harsashin Jami'ar Silpakorn a 1943, ya koyar da fasahar Turai a ƙasar da sama da kashi 90 cikin 100 na mutanenta mabiya Buddha ne. A 1971 wasu ɗalibai suka yayyaga zanukan Thawan Duchanee bisa zargin ɓatanci. Wannan kowa ya sani.

Abin da ake tsallakewa shi ne aikin Montien Boonma, mai zane ɗan Tailan, a farkon shekarun 1990. An haife shi a 1953, ya yi karatu a Silpakorn da Paris, ya koyar a Chiang Mai da ke arewacin Tailan. Kafin shi, mai zanen zamani yakan zana labarin addini ne a kan ƙyalle. Shi kuwa kayan ibadar kansu ya ɗauko. Daga ciki akwai ƙoƙon barar limamai, wanda suke fita da shi kowace safiya mutane na zuba musu abinci. Yakan tashi da asuba ya yi ta zana ƙoƙon, ɗaya bayan ɗaya, don horar da zuciyarsa. A 1992 ya jera ƙararrawa na gasasshen yumɓu, wata kan wata, suka zama katanga mai lanƙwasa, a bayanta kuma ganyen furen bado mai ruwan zinariya. Shekara guda bayan haka aka nuna aikin a Brisbane ta Ostareliya.

Matarsa ta rasu da sankarar mama a 1994, kuma jinyarta ce ta kai shi ga saiwoyi da ganyayen magani irin na wuraren ibada. Ya riƙa shafe ayyukansa da su, har mai shiga zauren ya ji ƙamshi kafin idonsa ya ga komai. A ƙarshen rayuwarsa ya ɗauki siffar ƙwaryar da maƙera ke zuba mutum-mutumin Buddha a ciki, ya ɗaga ta sama yadda mutum zai shiga ƙarƙashi ya tsaya a cikin kan Buddha, cikin duhu, sai ɗan hasken da ke ratsowa ta ƙananan huda. Ka duba fa, cikin kan Buddha, amma ba a yi masa ca kamar yadda aka yi wa ɗalibar ba. A ganina dalilin a fili yake: mutane sun ga mai ibada ne cikin baƙin ciki, sai suka yi masa uzuri, ba tare da an zauna an daddale ko ya halatta kayan ibada su bar haikali ba. Ya rasu a 2000 yana da shekara 47, tambayar na nan a ajiye.

Ƙofar da ya buɗe ce wasu suka bi da wata manufa. A 2007 Anupong Chantorn ya zana limamai biyu da bakin hankaka a kan mayafin limamai, ya ci lambar zinariya a gasar zane ta ƙasa, limamai da mabiya suka fito zanga-zanga suna neman a janye kyautar. A shekarar ce kuma kasuwar layun Jatukham ta yi tashe, ana buga su babu ƙidaya ana sayarwa a bakin titi, wasu na saye don su sake sayarwa da riba. Masu kare Anupong a wancan lokaci irin wannan ciniki na layu suka riƙa nunawa da yatsa.