Efijenetik: abin da kalmar ke nufi, da abin da ake ɗora mata

Kwanan nan masu tallar magungunan ƙarin lafiya da masu laccar "gyara tunaninka" sun riƙe kalmar efijenetik kam. Wai da abinci ko kyakkyawan zato mutum zai sake rubuta DNA ɗinsa, har jikoki su gada. Maganar nan tana ci mini rai, domin ta binne ainihin ilimin, wanda ya fi ta ban mamaki nesa ba kusa ba.

Conrad Waddington ne ya ƙirƙiro kalmar a 1942. A yau tana nufin nazarin yadda ake kunna ƙwayoyin gado ko kashe su ba tare da an canza rubutun DNA ba. Tambayar da masana ke bi ita ce: tunda a jikin ƙuda, alal misali, DNA ɗin sel (ƙananan ƙwayoyin da suka haɗa jiki) na ƙafa da na fiffike ɗaya ne, ta yaya kowanne ke tuna aikinsa?

Ƙudan 'ya'yan itace, Drosophila, shi ya fi fayyace amsar. A sa'o'in farko cikin ƙwai, furotin irin su Hunchback da Krüppel ne ke kunna ƙwayoyin gadon Hox, masu tsara abin da kowane sashe zai zama, a wani sashe na jiki, su kashe su a wani. Daga nan sai furotin ɗin su ɓace. Alhali ƙudan sai ya yi kusan kwana 10 a zafin digiri 25 kafin ya kammala, sel kuma suna ta rabuwa.

Wasu rukunin furotin biyu ke karɓar ragamar. Trithorax yana barin kunnanne a kunne, Polycomb yana tsare kasasshe. Wani sashen Polycomb mai suna PRC2 yana liƙa alamar sinadari, wato metil uku, a kan wani gurbi (lisin na 27) na histon H3, furotin da DNA ke nannaɗe a kai, wani sashen kuma, PRC1, ya gane alamar ya matse wurin. Idan Polycomb ya samu tangarɗa, namijin ƙuda yakan fito da jerin gashi mai kama da mataji a ƙafafu na biyu da na uku, alhali na ƙafafun gaba ne kaɗai. Pamela Lewis ta bayyana wannan tun 1947.

Ga inda masu talla suke zamewa. Alamar nan ba zane ba ce a kan dutse. Duk lokacin da aka kwafi DNA, tsofaffin histon suna rabuwa gida biyu, alamar ta ragu da kusan rabi, dole PRC2 ya dawo ya cike giɓin. Abin da ke kiransa kuwa wani yanki ne na DNA ɗin kansa mai suna PRE. A 2017 tawagogi biyu na masu bincike suka yanke PRE daga sel ɗin ƙuda da ke cikin girma: alamar ta yi ta dusashewa, bayan 'yan rabe-rabe kasasshiyar ƙwayar gadon ta farka. Ashe tunin da ake cewa ya fi ƙarfin DNA a jikin DNA yake jingine.

Kuma wannan gado ne daga sel zuwa sel a cikin jiki guda. Tsallakawarsa zuwa jikoki batu ne daban, kuma a ɗan Adam hujjarsa tana da rauni ƙwarai.